Daga Tarminal zuwa manyan makarantu: yadda ɗalibin Arewacin Kamaru zai auna damarsa a konkur

Duk shekara idan sakamakon Bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito a watan Yuli, tambaya ɗaya ce ke yawo a zaurukan Garwa da Marwa da Ngaundare: "Malam, da wannan makin zan samu likitanci?" Yaro zai miƙo maka waya da hoton takardar makinsa, ya zuba maka ido kamar wanda ya zo wurin mai duba. Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa yawancinsu daɗi, domin makin Bak shi kaɗai ba ya faɗin komai. Na ga mai 15 cikin 20 ya zauna a gida, na ga mai 12 ya shige. Abin da ya raba su tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa ya faru, a cikin shekaru biyun da suka gabata, kuma rabinsa aikin takarda ne da lissafi.

Ga yadda za ka bi abin, ƙanena, ko ke ƙanwata, tun kana ajin Firamiya, wanda daga shi sai Tarminal, ajin ƙarshe na sakandare.

Mataki na farko: ka san ƙofa biyu ce

Jami'o'in gwamnati a Kamaru ƙofa biyu gare su. Akwai fakilte na gama-gari, irin su shari'a, tattalin arziki, adabi da kimiyya, inda mai Bak zai kai takardunsa, ya biya kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara, ya fara karatu. Akwai kuma makarantun da ba a shiga sai da konkur, wato jarrabawar gasa ta neman gurbi, inda kujeru ƙidayayyu ne, komai yawan masu nema. Duk maganar "dama" a kan wannan ƙofa ta biyu take.

Da, idan aka ce babbar makaranta, Yaunde ake nufi: Polytechnique ta injiniyanci da aka kafa a 1971, da makarantar likitanci da tsofaffi har gobe suke kira CUSS, da ENAM mai fitar da ma'aikatan mulki da alƙalai. Yanzu Arewa ma tana da nata. Jami'ar Ngaundare da ke Dang, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, tana da ENSAI ta masana'antun abinci da noma, da IUT ta koyon fasaha, da makarantar likitancin dabbobi, da makarantar ma'adinai a Meiganga. Jami'ar Marwa ta 2008 tana da makarantar horar da malamai ENS, da tata Polytechnique wadda a da ake kira Institut Supérieur du Sahel, da makarantar ma'adinai da man fetur a Kaele. Garwa ta samu jami'arta a 2022, kuma akwai sashen likitanci a garin. Ɗalibai da yawa ba su san rabin waɗannan sunaye ba sai bayan an rufe karɓar takardu. Ka rubuta su a bayan littafinka yau.

Mataki na biyu: layin da ka ɗauka ya riga ya rufe wasu ƙofofi

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Mai Bak A, wato layin adabi, ba ya zana konkur ɗin likitanci ko injiniyanci. Likitanci na masu C da D ne, wato layukan kimiyya, injiniyanci ya fi karkata ga masu C da wasu layukan fasaha, ko da yake mai D da hannunsa ya faɗa a lissafi yana iya gwadawa a inda sanarwa ta ba shi dama. Mai A kuwa ya dubi ENS, da ENAM a matakin da ake shiga da Bak, da makarantun aikin jarida da kasuwanci. Idan kana ajin Sagwand yanzu, wanda daga shi sai Firamiya, ka zaɓi layi da idon inda za ka, kada ka bi aboki don kawai kuna zama benci ɗaya. Masu GCE, jarrabawar tsarin Ingilishi, su lura cewa sanarwa takan faɗi darussan da ake so a matakin A, kuma galibi ba a ƙirga darasin addini a ciki.

Mataki na uku: nemo sanarwar bara, ka karanta ta da biro a hannu

Kowane konkur da sanarwarsa daga ma'aikatar da ke kula da shi, mafi yawa ma'aikatar ilimi mai zurfi, MINESUP. Na ENAM kuwa daga ma'aikatar ma'aikatan gwamnati yake fitowa. Ta bana ba za ta fito ba sai lokaci ya ƙure, amma ta bara tana nan a intanet, kuma ba kasafai ake sauya abu mai yawa ba. Abu biyar za ka ja wa layi: yawan kujeru, irin Bak ɗin da ake karɓa, iyakar shekarun haihuwa, darussan da za a zana da nauyin kowanne, sai garuruwan da ake zana jarrabawar.

Iyakar shekaru ita ce ke cin mutanenmu a ɓoye. Yaron da ya yi allo tukuna aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, yana da shekara tara, ya maimaita aji sau ɗaya ko biyu, sai ya wayi gari yana da Bak amma shekarunsa sun gota. Ka duba ranar da ake ƙirga shekarun daga gare ta, don wata sanarwar takan ce "ya zuwa 1 ga Janairu", wata kuma ƙarshen shekara. Idan saura maka zama ɗaya kawai, to tsarinka ya bambanta da na wanda yake da zama uku a gaba.

Ka lura kuma ko ana haɗa makin makaranta da na jarrabawar. Wasu konkur suna neman takardar makin Probatuwar, jarrabawar ƙarshen Firamiya, da ta Bak, su ba su wani kaso a lissafin ƙarshe. Nan ne mansiyon, wato darajar da ake ba maki, ke amfani: daga 10 zuwa ƙasa da 12 passable ne, 12 assez bien, 14 bien, 16 très bien. Ɗalibin da ya ce "ni dai in tsallake Probatuwar ko da 10 ne" bai san cewa takardar nan za ta bi shi har ɗakin tantancewa ba.

Mataki na huɗu: yi lissafin da kanka

Ɗauki yawan kujeru ka raba da yawan masu nema. Kujeru suna cikin sanarwa. Yawan masu nema kuwa akan ji shi a labaran CRTV, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, ko a jaridar Cameroon Tribune ranar jarrabawa, ko ka ƙirga daga jerin sunayen da aka liƙa a bara. A ƙaddara kujeru 100 ne, masu nema 3,000. Ɗaya cikin talatin ke nan. Amma wannan adadi yana tsoratarwa fiye da kima, domin cikin 3,000 ɗin nan akwai waɗanda aka jefar da takardunsu tun a tebur, akwai waɗanda suka biya kuɗi ba su zo ba, akwai kuma tarin waɗanda suka zo gwada sa'a ba su taɓa ganin tambayoyin bara ba. Abokan gasarka na gaskiya ba su kai haka ba.

Sai maganar daidaita yankuna, wadda kowa ke yin ta a shayi amma kaɗan ne suka san lambobinta. A konkur na shiga aikin gwamnati, dokar 1982 da ƙa'idar 1992 da ta biyo bayanta sun raba kujeru bisa yankin asali: Arewa Mai Nisa kashi 18 cikin 100, Arewa kashi 7, Adamawa kashi 5. Jimilla 30 ke nan ga yankunan Arewa uku. Idan kujeru 100 ne a irin wannan konkur, ɗan asalin Benuwe yana fafatawa ne a kan kujeru bakwai da sauran 'yan yankin Arewa, ɗan Diamare ko Logon-da-Shari a kan goma sha takwas, ɗan Vina a kan biyar. Shi ya sa za ka ga ana tambayar yankin asali da gundumar asali a takardar cikewa.

Asali a nan na iyaye ne, ba inda aka haife ka ko inda ka yi makaranta ba. Ga Bahaushe wannan magana tana da ɗan murɗe-murɗe, tunda mu mutanen fatauci ne: kaka ya zo daga wani wuri, an haifi uba a Tibati, an haife ka a Briketeri ta Yaunde, kana karatu a Garwa. Ka zauna da Baba ku duba abin da takardunsa suka nuna, ka rubuta shi, kuma abin da ka rubuta a konkur na farko shi za ka rubuta a na biyu da na uku. Kada wani ya ruɗe ka da cewa "sa Arewa Mai Nisa, kasonsu ya fi yawa". Yankin ya fi yawan jama'a ne, masu neman ma sun fi yawa, kuma ƙarya a takardar gwamnati tana iya fitowa bayan ka shekara biyu a makaranta.

Kason yanki ba ya ɗaukar wanda bai iya ba. Jeri ake yi a cikin 'yan yankin, daga sama a yanko. Tambayar da ta dace ka yi wa kanka ita ce: cikin dukan masu Bak C da D na yankina da za su zana wannan abu, ina cikin na sama-sama? Idan kai ne na ɗaya a lisen ƙauyenku, wato sakandarenku, madalla, amma ka nemi takardun gwajin manyan lise na Garwa da Marwa ko na Kwalejin Mazenod ta Ngaundare, ka zana su a gida, ka ga inda ka tsaya.

Mataki na biyar: takardu, inda ake faɗuwa ba a zana komai ba

A nan zan daɗe, don nan ne na fi ganin hawaye.

Fara da takardar haihuwa. Ɗauko ta, ɗauko katin ɗan ƙasa, ɗauko takardun BEPC, jarrabawar tsakiyar sakandare, da Probatuwar, ka shimfiɗa su a tabarma ɗaya, ka karanta sunanka harafi-harafi. Wata shekara na raka wani ɗan ƙanwata kai takardu. A takardar haihuwa an rubuta Aboubakar, a takardar makin Probatuwar Aboubakary, harafi ɗaya tak a ƙarshe. Ma'aikacin ya ɗora yatsa a kan harafin, ya turo mana fayil ɗin ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce na gaba. Kwana huɗu suka rage a rufe. Ba mu samu gyaran a kan lokaci ba, yaron ya rasa wannan konkur ɗin. Sunayenmu da Faransanci ake rubuta su, kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji: Ousmanou da Ousmane, Aïssatou da Aïchatou, Mohamadou da Mouhamadou. Idan ka ga saɓani, tun kana Firamiya za ka fara neman gyara ta hannun shugaban makarantarku zuwa hukumar Bak, domin abin ba ya yin sauri.

Wanda ba shi da takardar haihuwa kwata-kwata, ko wanda tasa ba a same ta a rajistar magajin gari ba, sai ya bi ta kotu a yi masa hukuncin da ke maye gurbinta. Wannan ma watanni yake ci.

Sauran takardun da kusan kowane konkur ke nema su ne kwafin takardar haihuwa da hukuma ta buga wa hatimi, kwafin takardun maki, shaidar cin Bak, takardar likita, hotuna 4x4, rasit na kuɗin konkur, wani lokaci da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba da shaidar zama ɗan ƙasa. Biyu daga ciki suna da tarko. Yawancin kwafin da aka buga wa hatimi ba a karɓarsu idan sun wuce wata uku, don haka kada ka yi su tun Janairu. Takardar kotun kuwa daga kotun inda aka haife ka take fitowa. Idan an haife ka a Kuseri kana karatu a Ngaundare, ka san wanda za ka aika tun da wuri.

Kowane kwafi da tambur ɗinsa, wato kan sarkin hukuma da ake saya a manna. Konkur uku na nufin fayil uku, kuɗin rajista uku, tambur ninki uku, ga kuɗin mota. Ka yi wa Baba ko Kawu wannan lissafi a rubuce tun watan Afrilu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma magidanci ya fi saurin buɗe aljihu idan ya ga takarda da lambobi fiye da idan aka tare shi da asuba aka ce gobe ake rufewa. Duk fayil ɗin da za ka miƙa, ka ɗauki hoton kowane shafi a waya, ka karɓi shaidar ajiya, ka adana ta kamar kuɗi.

Mataki na shida: shirin konkur daban yake da shirin Bak

Bak yana tambaya ko ka fahimci darasi. Konkur yana neman dalilin da zai zubar da mutum ashirin ya ɗauki ɗaya, don haka tambayoyin sun fi lokacin da aka bayar yawa. Jarrabawar likitanci, wadda tun 2013 ta zama ta ƙasa baki ɗaya, tambayoyin zaɓi ne a kan ilimin halittu, kimiyyar sinadarai da fizik. Ba wanda zai ga kyan rubutunka ko dogon bayaninka. Na injiniyanci kuwa lissafi da fizik ne ƙashin bayansa.

Ka nemi tambayoyin shekaru biyar da suka wuce, a wurin 'yan ajin gaba ko masu sayar da littattafai a bakin kasuwa. Sa agogo a gabanka, ka zana takarda guda cikin lokacin da aka ƙayyade, ba leƙen littafi. Makin da ka samu a zama na uku ko na huɗu shi ne ainihin ma'aunin damarka, ya fi duk abin da malami ko ni za mu gaya maka. Idan kana samun rabi a gida cikin natsuwa, a ɗakin jarrabawa ƙasa da haka za ka samu.

Darussan ƙarshen shekara, waɗanda malamai kan yi a gurguje ko a tsallake su saboda lokaci ya ƙure, su konkur ke so. Ka duba manhaja ka ga abin da ba a koyar da ku ba. Zafin Maris da Afrilu a Garwa da Marwa ba ya barin kai ya ɗauki lissafi da rana, ga ɗauke wuta da dare, don haka bayan sallar asuba shi ne lokacinka. Ajin share fage na kuɗi yana da amfani idan masu koyarwar sun taɓa cin konkur ɗin da kansu, amma mutum huɗu masu himma a zaure ɗaya da allo da alli suna iya yin abin da ya fi shi.

Kada ka raina Faransanci da Ingilishi. Yaranmu da yawa sun iya lissafin, fassara tambayar ce ke cinye musu minti biyu a kowane layi.

Mataki na bakwai: kada ka rataya ranka a ƙusa ɗaya

Zaɓi uku: wanda kake mafarki, wanda kake da kyakkyawan zato a kansa, da wanda kusan tabbas ne. Mai D da ke son likitanci ya haɗa da likitancin dabbobi a Ngaundare ko makarantun jinya, sannan ya yi rajistar fakilte na kimiyya. Mai C da ke hangen Polytechnique ta Yaunde ya haɗa da ta Marwa da IUT. Ka duba ranakun kada su yi karo, ka duba nisa: daga Marwa zuwa Garwa ya haura kilomita 200, daga nan zuwa Ngaundare sai an hau dutsen nan mai kwana-kwana, jirgin ƙasa zuwa Yaunde kuma kwana ake yi a ciki, ga shi damina ce. Idan akwai cibiyar jarrabawa a Arewa, zaɓe ta.

Mai son ENS ya tambayi waɗanda suka shiga kwanan nan game da ɗaukar aiki bayan kammalawa, don tsarin ba kamar zamanin yayyenmu yake ba, lokacin da shiga makarantar ke nufin albashi ya tabbata.

Ke kuma ƙanwata, akwai konkur ɗin da za ki fara ci a gida. Ki yi maganar inda za ki zauna da Mama da Baba tun kafin ki biya kuɗin rajista. Na san wadda sunanta ya fito a Yaunde aka ce ba za ta ba, alhali da ta zaɓi Garwa, inda gwaggonta take, da ba wanda zai ce uffan.

Idan idonka yana waje

Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne ƙofofin waje suna rufewa tun kafin a zana Bak. Neman shiga shekarar farko a jami'o'in Faransa ta Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban waje, yana farawa a Oktoba, a rufe wajen tsakiyar Disamba, kana tsakiyar Tarminal. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya ana neman sa daga Janairu zuwa Fabrairu a intanet, ana so mai neman digirin farko ya kasance ƙasa da shekara 21, da maki kashi 70 cikin 100, likitanci kuwa kashi 90. Guraben Maroko da Aljeriya ta MINESUP suke biyowa, kuma mansiyon ake dubawa.

Najeriya ce ta fi kusa da mu, ga Yola ga Maiduguri, ga Zariya da Kano. A can JAMB ake zanawa, darussa huɗu, maki 400, da Ingilishi dole, kuma likitanci da shari'a a can ma cunkoso ne. Ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar ka tambayi yadda suke karɓar Bak ko GCE. Kada ka yarda wani ya yi maka sabbin takardu da wata ranar haihuwa don ka shiga a matsayin ɗan ƙasa. Ranar da ka dawo neman a daidaita digirinka a Yaunde, mutum biyu za a gani a fayil ɗaya.

Manyan jami'o'in Amurka irin su Harvard sun ɗauki ƙasa da mutum 4 cikin 100 na masu nema a 2023 da 2024. Mai son gwadawa ya tuntuɓi ofishin EducationUSA a Yaunde tun yana Firamiya, ya kuma ci gaba da shirin konkur ɗinsa na gida kamar bai nema ba.

Masu sayar da kujera, da ranar da sunaye suka fito

Da zarar an fara konkur za ka ji wani ya ce yana da mutum a ma'aikata, a kawo miliyan ɗaya. Dabararsu tsohuwa ce: su karɓi kuɗin mutum goma, su zauna. Wanda ya ci da ƙoƙarinsa su ce aikinsu ne, waɗanda suka faɗi a ce musu "bana an matsa, sai baɗi". Na ga an sayar da shanu biyu a kan haka. Kuɗin nan zai biya rajistar fakilte da hayar ɗaki a Dang har a kammala digiri.

Idan sunaye suka fito, ka duba har jerin masu jiran gurbi, don akan kira daga ciki idan waɗanda suka ci konkur biyu suka saki ɗaya. Idan babu sunanka ko'ina, ka tafi fakilte ɗin da darussansa suka yi daidai da konkur ɗin da kake so: mai neman likitanci ya shiga ilimin halittu, mai neman injiniyanci ya shiga lissafi ko fizik. Shekarar za ta zame maka shiri, ka sake zanawa idan shekarunka sun bari. Makarantu irin su ENSAI da ENS da ENAM kuma suna da ƙofar shiga ta sama ga mai digirin farko, da nata konkur ɗin da nata iyakar shekarun, sai ka nemo ita ma sanarwarta ka ajiye tare da ta farkon.